Kaset da faifan garmaho ko dijital: wai kunne yana bambancewa kuwa?

Ɗan Rikkos:
Salam jama'a. Dan Allah masu ilimin sauti a gidan nan ku raba mana gardama. Kullum manya sai su ce waƙar da aka ɗauka a zamanin kaset da faifai ta fi ta yanzu daɗin ji, wai ta da tana da nauyi da garɗi, tamu ta kwamfuta kuma busasshiya ce ba rai a cikinta. Ni sana'ata kenan haɗa kiɗa a manhajar FL Studio kuma wlh maganar tana ci min rai, don in gaskiya ne ina so in san me ya ɓace mana in nemo shi, in kuma ba gaskiya ba ne a daina kashe mana gwiwa. In an rufe wa mutum ido aka kunna masa analog aka kunna masa dijital, kunnensa zai gane ko zuciya ce kawai?

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba zuciya ba ce, kunne ne. Tun kafin gobarar kasuwar Terminus ta Jos a 2002 nake gyaran rediyo da rakoda, abin da hannuna ya taɓa nake faɗa maka. Ka samo kaset ɗin marigayi Ɗan Maraya mai kyau, ba kwafin kwafi ba, ka sa a rakodar da aka goge mata hedi, wato kan da ke karanta zaren kaset, da sifirit da auduga aka canza mata bel, ka zauna ka ji yadda kuntigi ke fita. Tsirkiya ɗaya ce fa da gwangwani da fata amma sai ta cika ɗaki, muryarsa kuma na zaune daram a tsakiya. Ka kunna waƙar nan a waya kuma sai ka ji ta zama siririya tana sukar kunne.

DJ Bauchi Road:
Baba Allah ya ƙara girma, amma wannan awon naku bai yi wa dijital adalci ba. Wadda ke yawo a waya ai daga wani tsohon kaset da ya gaji aka kwafo ta, wani ma waya kawai ya kara a bakin sifika ya ɗauka, aka mai da ita ƙaramar MP3, aka ɗora a YouTube, wani ya sauke ya sake matsewa don kar ta ci data, sannan ku zo ku ji ta a 'yar mitsitsiyar sifikar waya wadda ba ta iya fitar da bas kwata kwata. CD na gaske 1,411 kbps yake tafiya, wato yawan datar da yake ɗauka a sakan, irin waɗannan kuma 128 ne ko ma 64. Ba analog da dijital kuka gwada ba, kaset mai kyau kuka gwada da fayil ɗin da ya sha wahala.

Baba Mai Gyara:
To ai shi ne wanda mutane ke ji. Wa ke yawo da CD yanzu?

DJ Bauchi Road:
Wannan kam gaskiya ne Baba.

Malamin Fizis:
Bari in ɗan sa baki don mu san me muke musu a kai. Sauti girgizar iska ce, maik yana mai da ita wutar lantarki mai hawa da sauka. Analog yana ajiye hawa da saukar nan yadda take, a kaset a matsayin maganaɗisu a jikin zare, a faifai kuma a matsayin lanƙwasar layin da allura ke bi. Dijital auna ta yake yi yana rubuta lamba. CD ɗin da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana aunawa sau 44,100 a sakan ɗaya, kowane awo da bit 16, wato matakai 65,536 tsakanin ƙasa da sama.

'Yar Anguwan Rogo:
Malam nan ne ni ma kaina ke ɗaurewa. Ina aikin tace shirye-shirye a gidan rediyo, kullum da dijital nake aiki, amma in na ja hoton sautin ya yi girma sosai a kwamfuta sai in ga ɗigo ɗigo ne. To abin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo fa? Ba an zubar da shi ba kenan? Ni a tunanina shi ne abin da su Baba ke cewa ya ɓace.

Malamin Fizis:
Tambaya mai kyau ƙanwata, kuma kusan kowa nan yake tsayawa. An warware wannan lissafin tun kafin a haifi CD, Harry Nyquist ya taɓo shi a 1928, Claude Shannon ya tabbatar da shi a 1949. Abin da yake cewa shi ne, matuƙar babu wata girgiza a cikin sautin da ta wuce rabin saurin awon, to layi ɗaya ne tak mai santsi zai iya bi ta kan ɗigogin nan, kuma shi ne ainihin wanda ya shiga. Na'urar da ke mai da lamba ta koma wuta wannan layin take fitarwa, ba ɗigo ɗigo ko hawa hawa ke zuwa sifika ba, wancan yadda manhajar ta zana miki ne kawai. Rabin 44,100 shi ne 22,050. Kunnen yaro mai ƙoshin lafiya iyakarsa wajen girgiza 20,000 a sakan, mu da muka haura arba'in da yawanmu ko 15,000 ba mu kaiwa. To abin da aka yanke yana can saman inda kunnen ɗan Adam ba ya zuwa.

'Yar Anguwan Rogo:
Toh na gane. Amma kenan su Baba ba su jin komai? Don ni ma wlh in na ji tsofaffin shirye-shiryen da aka ɗauka a babban zare ina jin wani abu daban a muryoyin.

Injiniya:
Suna ji, ke ma kina ji, kuma duk wanda ya ce babu bambanci bai zauna gaban na'ura ba. Na yi aiki da manyan na'urorin zare a situdiyo kafin kwamfuta ta shigo, na kuma yi aiki da kwamfutar, saboda haka ku ba ni haƙuri zan yi tsawo.

Abin da ya kamata mu tambaya shi ne wane ne a cikin biyun yake canza sautin. Amsa kuma zare ne. In ka tura sauti da ƙarfi cikin zare ba ya fashewa lokaci ɗaya, a hankali yake danne kan sautin, ya ƙara masa wasu 'yan muryoyi da babu su a asali, kalangu ya yi kauri, kaifin saman ya ɗan kwanta. Hedi yana ɗan ɗaga bas a wani wuri. Moto ba ya juyawa daidai ɗari bisa ɗari, akwai 'yar rawa da ke shiga murya. Ga shuuu ɗin nan da ke kwance a ƙasa yana haɗe komai wuri ɗaya. Duk waɗannan ba daga bakin mawaƙi suka fito ba, na'ura ce ta ƙara, amma kunne na son su, ni ma ina son su.

Kamar ruwan randa ne. Yana da sanyi da ɗanɗanon da na famfo ba shi da shi, amma ɗanɗanon na ƙasar randar ne. In ka ɗebo shi ka zuba a kofin gilashi mai tsabta ɗanɗanon na nan, kofin bai ƙara ba bai rage ba. Dijital mai kyau shi ne kofin. Ku ɗauko kaset ɗin Baba, a kunna a rakodar Baba, a ja waya daga bayanta a ɗauka a kwamfuta da na'ura mai kyau, fayil ɗin zai fito da garɗin, da shuuu ɗin, da rawar moton gaba ɗaya. Amma ku juya abin, ku ɗauki fayil ku zuba a kaset, nan take za ku ji ya canza. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wanda ke riƙe amana.

Kuma kar a haɗa kaset da zaren situdiyo. Kaset ɗin da Philips ya fito da shi a 1963 santimita 4.76 yake tafiya a sakan, namu na situdiyo santimita 38 ne, wani lokaci 76, ga faɗi. Tazarar da ke tsakanin shuuu da mafi ƙarfin sauti a kaset desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 50 zuwa 60 ce, Dolby B mai rage shuuu ya ƙara kamar 10, faifai wajen 60 zuwa 70, CD kuma 96.

Baba Mai Gyara:
Injiniya na ji bayaninka kuma ka san aiki, amma ban yarda kwamfuta za ta kwashe komai ba. Ni dai in ka kunna min kaset ɗina ka kunna min kwafinka zan nuna maka nawa.

Injiniya:
Yaya in kuna kallon rakodar tana juyawa za ku nuna, ni ma zan nuna. Maganar ita ce in an sa labule.

Malamin Fizis:
An ma gwada irin wannan a waje. A 2007 wasu mutum biyu a Amurka, Meyer da Moran, sun wallafa sakamakon gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Suna kunna faifan dijital mai inganci fiye da CD, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci su bi da shi ta na'urar da ke mai da shi matakin CD, mai sauraro bai san wanne ba ne. Gwaji 554, aka dace a 276. Rabi kenan, daidai da wanda ke jefa kwabo.

Ɗalibin Fim:
Malam da izininka, ba a nan maganar ta tsaya ba. An soki wancan gwajin saboda wasu faya-fayan da suka yi amfani da su asalinsu ba masu babban inganci ba ne. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara bincike 18 ya haɗa, gwaji sama da 12,000, ya samu mutane na dacewa kashi 52.3 cikin ɗari, waɗanda aka horar kuma sun fi haka. Kenan akwai ɗan abin da ake ji.

Malamin Fizis:
Haka ne, na gode da ka kawo shi. Amma ka duba girman abin, 52 da 50, a ɗakin gwaji shiru da kaya masu tsada. Kuma duka biyun dijital da dijital suke gwadawa, CD da wanda ya fi shi. Bambancin da Baba ke magana a kai wanda yake ji daga bakin ƙofar shago ba zai zama wannan ɗan ƙanƙanin ba.

DJ Bauchi Road:
Ni labarin da ya gama min gardamar nan shi ne na kamfanin Mobile Fidelity. Kamfani ne a Amurka da ke buga faifan garmaho masu tsada sosai, masu saye sun ɗauka daga zare ake yanka su kai tsaye ba kwamfuta a tsakani, masu sharhi suna ta yabo wai ga analog tsantsa ku ji bambanci. A 2022 ta fito fili cewa shekaru da dama suna fara mai da zaren dijital kafin su yanka faifan, har aka kai su kotu suka yi sulhu. Mutanen da suka kashe maƙudan kuɗi a kayan sauti, suna da kunnen da suke alfahari da shi, shekara da shekaru ba su ji ba sai da aka faɗa.

Mai Shago Dilimi:
Afuwan na katse ku, akwai mai allurar garmaho a garin nan? Na samu wani na gwanjo mai kyau amma muryoyin na fita da nauyi kamar ana jan su.

Baba Mai Gyara:
Ba allura ba ce. Juya bayansa ka karanta, in ka ga 60Hz kawai to na Amurka ne kuma motonsa da wutar gida yake ɗaukar saurinsa, tamu 50 ce shi ya sa yake tafiya a hankali, maimakon zagaye 33 da ɗori a minti sai ya dawo wajen 28. Sai an canza masa ɗan ƙarfen da bel ke hawa. Kuma kar ka kuskura ka jona shi kai tsaye in mai wuta volt 110 ne. Kawo shi in duba. Irin wannan moton ko a janareto ka sa shi in injin na hawa da sauka haka waƙar za ta riƙa yi.

Ɗan Rikkos:
To yanzu ni ina matsayina? In dijital ba shi da laifi me ya sa ni kaina in na ji Shata ko Ɗan Maraya nake jin wani abu da ba na samu a nawa? Ina da manhajojin da ke kwaikwayon zare, na sa su, ya ɗan yi kauri amma ba shi ba ne.

Injiniya:
Yauwa, yanzu ka zo wurin. Ɗana ba na'urar ajiya ce ta raba ku ba, yadda ake yin aikin ne. A da mawaƙi da makaɗansa da 'yan amshi duk ɗaki ɗaya suke, maik ɗaya ko biyu, a tsara su, mai kalangu matsa baya, 'yan amshi ku ɗan karkato, a danna jan maɓalli a tafi har ƙarshe. Kalangu na shiga maik ɗin murya, murya na bugun bango tana dawowa, makaɗi na kallon bakin mawaƙi, in ya ja baiti su jira shi, in ya yi zafi su bi shi. Ana jin ɗakin, ana jin numfashi, saurin kiɗan ma yana motsi. Kuma zare na da tsada, ba wanda zai shigo bai iya waƙarsa ba.

Yanzu fa? Kiɗan daga fiyano Yamaha ko daga kwamfuta, kowane bugu a kan layi ba ya gocewa ko kaɗan, mawaƙi shi kaɗai a ɗan akurkin ɗaki da soso a bango, layi layi ake ɗauka ana liƙawa, a zuba otocun, manhajar miƙe murya, har muryar ta daina lanƙwasa irin tamu, sannan a ƙarshe a matse komai ya yi ƙara. Da za ka ɗauki wannan ka zuba a zaren da ya fi kowanne tsada a duniya, busasshen zai fito, sai dai da ɗan shuuu a ƙasa.

Ɗan Rikkos:
Maganar matsewar nan wlh ita ce ciwon kanmu Oga. Ka yi wa mutum aiki mai numfashi ya kai wa abokansa su kunna a waya kusa da ta wani, sai ya dawo ya ce tasa ba ta da ƙarfi a ƙara mata wuta. In ka ƙi ya tafi wani situdiyo. Sai ka ga hoton sautin ya cika taf daga farko har ƙarshe ba hawa ba sauka.

Ɗalibin Fim:
Abin takaicin kuma Spotify da YouTube suna rage ƙarar waƙar da ta yi yawa su daidaita ta da sauran, Spotify a -14 LUFS yake ajiyewa, wato ma'aunin ƙara. Ka kashe kiɗan a banza kenan, ƙarar ma ba ka samu ba. A faifai kuwa dole a sassauta, in bas ya yi yawa ko ya karkata gefe ɗaya allura tsalle take yi, shi ya sa wani lokaci waƙa ɗaya ta fi daɗi a faifai, don an yi mata gyaran ƙarshe daban ne mai sauƙin matsi.

'Yar Anguwan Rogo:
Ni abin da ya fi damuna a duk maganar nan ba wa ya fi wa ba ne. Zaren nan mutuwa yake yi. Na ga na'urar da aka ɗora wa tsohon zare, minti kaɗan hedi ya yi baƙi ƙirin da wani abu mai danƙo, sautin ya dusashe, abin da ke gogewa a jikin hedin kuma shi ne muryar, ba ta dawowa. Damina ta sa musu fumfuna, hunturu ya cika su da ƙura. Wa'azozin malamai, waƙoƙin makaɗan da ko sunansu yaran yanzu ba su sani ba, hirarrakin dattawan garin nan, suna cikin kwalaye a gidaje da shaguna. Ɗan Maraya ya rasu 2015, Shata tun 1999, ba za su sake shiga situdiyo ba. In ba a kwashe yanzu ba to ba analog ba dijital.

Injiniya:
Allah ya yi miki albarka. Wancan danƙon ciwo ne sananne a wasu zarurrukan situdiyo na shekarun 1970 da 1980, gam ɗin da ke riƙe garin maganaɗisun ne ke shan laima. Ana gasa su a zafi kaɗan wajen digiri 50 na tsawon awanni kafin a kunna, amma dan Allah kar wani ya gwada a murhun gida, aikin wanda ya sani ne. Na kaset kuma ga abin da nake roƙo. A nemi rakoda mai lafiya, a daidaita ɗan sukurun da ke gefen hedi har sai saman sautin ya buɗe don kowane kaset da yadda aka ɗauke shi, a ja waya daga bayanta zuwa na'urar sauti ba a kara waya a sifika ba, a ajiye a fayil ɗin WAV bit 24 wanda ba a matse ba, kwafi biyu wuri biyu. Kar a goge shuuu ɗin a uwar kwafin, masu gogewar nan suna tafiya da rabin muryar su bar ta tana ƙara kamar daga cikin ruwa. Wanda za a tura wa mutane a yi masa MP3 320 daga baya. Kuma a rubuta sunan mai waƙar da abin da ke jikin kwalin.

Baba Mai Gyara:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ina da rakodar da za ta yi aikin, duk mai kaset ya kawo. Amma maganata ta farko tana nan, zan gane nawa.

Malamin Fizis:
To Baba a gwada mana, cikin girmamawa. Kaset ɗinku, rakodarku, amfilifaya da sifikunku. Injiniya ya ɗauki kwafi, a jona duka biyun a amfilifaya ɗaya. Sharaɗi mafi girma shi ne a daidaita ƙarar da mita ba da kunne ba, don wanda ya ɗara ɗan'uwansa ko da rabin desibel ne kunne zai ce ya fi daɗi. A sa labule, mai canzawa ya jefa kwabo ya rubuta, kar ya yi magana kar a ga fuskarsa. Zagaye 16. Wanda ya dace 12 ko fiye mun yarda yana ji, don samun haka da sa'a kawai bai kai kashi 4 cikin ɗari ba.

DJ Bauchi Road:
Akwai matsala ɗaya, ƙarar maɓallin rakoda za ta tona asiri. Sai dai a bar kaset ɗin yana ta juyawa a duk zagayen, a tayar da fayil ɗin tare da shi, waya kawai za a riƙa canzawa.

Injiniya:
Ba za su tafi daidai ba, kaset zai riƙa gocewa. Mafi sauƙi kar a yi fayil ma, a raba wayar da ta fito daga rakoda gida biyu, ɗaya ta tafi amfilifaya kai tsaye, ɗaya ta shiga na'urar ta zama lamba a 44,100 ta fito nan take. Jinkirin ɗan kaɗan ne, a riƙa kashe sauti sakan ɗaya kafin kowane canji ba mai ganewa.

Baba Mai Gyara:
Na amince, amma ni zan zaɓi kaset ɗin, kuma a yi da safe kafin masu janareto su tayar, don layinmu in rana ta yi ko maganar mutum ba ka ji. Asabar bayan ƙarfe takwas.

Ɗan Rikkos:
Zan zo da na'urar sautina da inbata. Oga Injiniya in an gama ina so ka nuna min yadda ake tsara mai kalangu da 'yan amshi a maik biyu, akwai wani mai gurmi a Bukuru da nake so in ɗauka haka.

Injiniya:
Ka fara zuwa ka ga ɗakin da za a yi, ka tafa hannu a tsakiya ka ji yadda yake amsawa. In yana ƙara da yawa a shimfiɗa darduma a rataya bargo a bango ɗaya, kar a rufe duka. Wane irin maik gare ka?